Ma'anar sunan Kerensa da asalinsa

'Yar'uwa, kin ce abokiyar aikinki a Ingila ta raɗa wa 'yarta Kerensa, kina neman ma'anarsa da inda ya fito. Sunan daga harshen Konish yake, na mutanen Kornwal da ke can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, kuma ma'anarsa ƙauna. Ana kiransa "Ke-ren-za", a ɗan danna muryar a tsakiya, shi ya sa wasu ke rubuta shi Kerenza.

Abin da ya sa nake ganin girman sunan nan shi ne tarihin harshen. Konish ɗan'uwan harshen Welsh ne (na yankin Wales a Birtaniya) da Breton (na yankin Brittany a Faransa), duk dangin harsunan da ake kira Keltik. Ya kusa ɓacewa ƙurmus. Dolly Pentreath, mai sayar da kifi a ƙauyen Mousehole, wadda ta rasu a 1777, ita ake yawan kira ta ƙarshe da ta tashi da shi a baki. A 1904 Henry Jenner ya wallafa littafin koyon harshen, aka shiga farfaɗo da shi, iyaye kuma suka riƙa ɗauko kalmominsa suna raɗa wa 'ya'yansu.

Wajen yawa kuwa, ko a Ingila ba kasafai za ki ji shi ba, sai dai a Kornwal ɗin.