Butar Zaki: Yaya Aka Yi Cikinta Ya Zama Rami?

Tambaya: Na ga hoton wata buta ta tagulla mai siffar zaki, an ce da ita ake wanke hannu a Turai a zamanin da. Yaya aka zuba ta har cikinta ya riƙe ruwa? Daga wani maƙeri a Kano.

Amsa: Malam, sannu da aiki. Ana kiranta akwamanil. An fi ƙera ta a ƙasar Jamus, a garuruwa irin su Hildesheim da Nuremberg, daga ƙarni na 12 zuwa na 15. Limaman coci na wanke hannu da ita, haka ma attajirai wajen cin abinci. Ta murfin da ke kan zakin ake ɗura ruwa, ya fito ta baki ko ta famfo a ƙirji, a tara tasa a ƙasa.

Zubin kakin zuma ne. Da farko a gina jikin zakin da yumɓu haɗe da kashin doki, a bar shi ya bushe sarai. Sai a shafe shi da kaki, kaurin milimita kaɗan, a sassaƙa geza da idanu. A soke ƙusoshin ƙarfe su ratsa kakin su shiga yumɓun ciki, a lulluɓe duka da wani yumɓun, a bar hanyar zubi da ta fitar iska. In aka gasa, kaki ya tsiyaye, tagullar da aka narkar a zafi kusan digiri 1000 ta maye gurbinsa. Bayan ta huce a fasa na waje, a ƙwaƙule na ciki ta wata 'yar taga, a toshe ta da faci.

A ƙusoshin nan aiki ke lalacewa. In suka yi kaɗan, yumɓun ciki ya goce, gefe ɗaya ya yi siriri, buta ta riƙa yoyo. In kuwa da sauran danshi, tururi ya huda zubin, har narkakken ƙarfe ya fantsamo wa mai zubi. Shi ya sa ake ganin faci a jikin da yawa daga cikinsu.

Kada a ɗauka Turawa ne suka fara. A gidan tarihi na Hermitage a Rasha akwai mai siffar gaggafa, aikin maƙeran daular Musulunci, ɗauke da shekara ta 180 bayan Hijira. Maƙeran masarautar Benin ta Najeriya ma sun zuba wa sarkinsu, Oba, buta mai siffar damisa, ruwa na fita ta hancinta.