Amsa ga yaron shagona kan gidan da nake zanawa

Ɗana, jiya bayan la'asar muna wanke alƙaluma ka tambaye ni ko mutanen gidan nan da nake zanawa a jarida duk mako mutanen gidanmu ne na gaske, kuma ko kai ma kana iya ɗauko rigimar da ake yi tsakanin mahaifiyarka da abokiyar zamanta ka mai da ita zanen barkwanci. Ban amsa maka a lokacin ba saboda akwai baƙi a shago, ga shi kuma tambayar ta wuce a amsa ta a tsaye.

Tsohuwar da ke cikin zanen kakata ce ta wajen uba, wadda ta rene ni a nan birnin Katsina, a wani gidan ƙasa da ake hango hasumiyar Gobarau daga tsakar gidansa. Sai dai ban ba ta fuskar kakata ba, ban kuma ba ta sunanta ba. Abin da na ɗauko daga gare ta ɗabi'a ce. A 1973, lokacin da aka daina amfani da fam da sule aka koma naira, ina yaro ƙarami, kuma ni ne ɗan aikenta. Har Allah ya karɓi ranta ba ta yarda da sabon lissafin ba. Kwabo goma sule ne a bakinta, kwabo biyar kuma sisi. Idan na dawo daga sayen daddawa na miƙa mata canji, sai ta kwance bakin zanenta, ta zube kuɗin a tafin hannu, ta ƙirga sau uku, ido ɗaya a kan kuɗin, ɗaya a kaina.

Da na zo zana wannan, na raba shi gida huɗu, wato ƙananan hotuna huɗu a jere, kamar yadda na koya maka. A gidan farko tana ba yaro kuɗi, a na biyu ya dawo yana haki. Gida na uku ban sa magana ko ɗaya a cikinsa ba, ita kaɗai ce tana ƙirge tana satar kallonsa. A na huɗu take cewa wannan miji nata ko cefane bai iya ba, gara ta sake wani. Gida na ukun nan, wanda babu harafi a ciki, shi ne mutane suka riƙa tare ni a kansa a masallaci da wuraren ɗaurin aure, kowa yana rantsuwa kakarsa na zana. Na ɓata takarda fiye da goma da fensir kafin na sami karkatar wuyanta daidai, sannan na bi da tawada.

Ka lura kuma da inda na ajiye abin dariyar. Tsakanin kaka da jika na sa shi, domin al'ada ta riga ta buɗe wannan ƙofa, kamar yadda ta buɗe ta tsakanin taubasai. Ban taɓa zana yaro yana mai da wa ubansa magana don a yi dariya ba. Uwar gidan kuwa, idan aka yabi ɗanta na fari, kawar da kai nake sa ta yi, ba ta kuma kiran sunansa, saboda haka na ga mahaifiyata tana yi wa yayanmu. Mai karatu yana gane wannan kunyar ba sai an yi masa bayani ba.

Masu wannan sana'a a ƙasashen waje ma daga gida suke ɗibowa. A Amurka, Bil Keane ya fara zanen iyalinsa a 1960, yana kallon matarsa da 'ya'yansa, har daga baya ɗaya daga cikin yaran da ya zana, Jeff, ya gaji aikin. Lynn Johnston ta Kanada ta fara nata a 1979, ta bar mutanen zanenta suna girma suna tsufa kamar kowa, kuma ni hanyarta ta fi burge ni, ko da yake ta fi wahala. Amma Hank Ketcham, wanda a 1951 ya ɗora wa yaron zanensa mai ƙiriniya sunan ɗansa na cikinsa, daga baya nisa ya shiga tsakaninsa da ɗan. Ba na cewa zanen ne kaɗai sanadi, amma yaron ya girma duniya tana dariya da sunansa ba tare da an nemi izininsa ba.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren. Yayata ta yi yaji ta dawo gida da akwatinta, aka kwana uku ana biko, ni kuwa na zana abin yadda ya faru, har da launin akwatin. Mako bai cika ba unguwa duka ta gane, dangin mijin suka ɗauka mu ne muka kai su jarida, sulhun da dattawa suka kusa ɗaurawa ya warware. Ta koma ɗakinta daga baya, amma sai da aka yi Sallah biyu kafin ta amsa gaisuwata da sakin fuska.

Saboda haka rigimar gidanku ba taka ba ce da za ka kai ta jarida, domin mata biyun nan suna raye, suna da maƙwabta, kuma mahaifinka yana zama a majalisa. Abin da za ka iya ɗauka shi ne abin da idonka ya kama: yadda ake dire kwano idan rai ya ɓaci, yadda ake habaici ana kallon kaza, yadda maigida ke tsayawa a zaure yana gyaran murya kafin ya shiga. Ka ba wa wani gida waɗannan, ka canza yawan matan da sana'ar mijin, ka kai su wata unguwa.

Gobe ka zo mini da gida huɗu a fensir, kada ka sa tawada tukuna. Idan na duba na gane mahaifiyarka a ciki, za ka sake.