Tambaya da Amsa: Me Zan Sa wa Ido a Ajin Lissafi na Japan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin lissafi da fiziks ne a wata sakandare da ke Tudun Wada, Zariya. An sanya ni cikin malaman da za su je Japan ziyarar gani da ido, inda za mu zauna a azuzuwa mu ga yadda ake koyar da waɗannan darussa. Don Allah, me ya kamata in fi lura da shi, ganin cewa kayan aikinsu ba irin namu ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya kai ku lafiya. Kada kayan ɗakin gwaje-gwajensu su ɗauke maka hankali, domin ba su ne za ka dawo da su Zariya ba. Abin da za ka iya ɗaukowa shi ne yadda malami yake sarrafa minti 50 na darasinsa.

A shekarar 1995, binciken TIMSS, wanda ke kwatanta koyon lissafi da kimiyya tsakanin ƙasashe, ya ɗauki bidiyon darussan lissafi na aji takwas, wato kwatankwacin aji biyu na ƙaramar sakandare, a Jamus da Amurka da Japan. Abin da ya fito fili shi ne, sau da yawa malamin Japan yakan ba yara matsala guda ɗaya tun kafin ya nuna musu hanyar warware ta, ya bar su su yi ta fama, yana zagayawa tsakanin kujeru yana duba abin da kowa ke rubutawa. Daga baya sai ya fito da wasu su bayyana hanyoyinsu a allo, har da wanda ya yi kuskure. To, a nan nake so ka kasa kunne sosai: idan yaro ya kawo amsar da ba daidai ba, me malamin yake yi da ita? Mu dai mun saba da rubuta ƙa'ida, mu warware misali biyu, mu ce "Kun gane?", ajin ya amsa "E, Malam", alhali ba mu san wanda aka bari a baya ba, kuma wannan abu yana damuna ƙwarai.

Ka lura da allon ma. Malaminsu yakan tsara shi yadda a ƙarshen darasi tambayar da hanyoyin yara duk suna nan ba a goge ba. Ka nemi izini ka ɗauki hotonsa.

Game da fiziks kuwa, a ƙaramar sakandarensu yana cikin darasin kimiyya ne gaba ɗaya, sai a babbar sakandare yake cin gashin kansa, don haka ka roƙi a nuna maka matakan biyu. Ka duba ko ana sa yara su faɗi hasashensu kafin gwaji. Ɗauki gwajin lilo, wanda ɗalibanka ke gamuwa da shi a jarrabawar WAEC: zare mai tsawon mita 1 da aka ɗaura wa nauyi yakan tafi ya dawo cikin kusan daƙiƙa 2, ko kwaɗon ƙofa ka rataya ko ƙaramin dutse. Yara da yawa za su rantse cewa mai nauyin zai fi sauri, kuma wanda ya rubuta hakan, sannan agogon waya ya nuna masa akasi, da wuya ya manta.

Na san ajinsu ba ya cika wuce yara 40, naka kuwa wataƙila ya ninka haka, shi ya sa nake ba ka shawarar raba su ƙungiya-ƙungiya idan za ka gwada.

Kada kuma ka tashi da zarar an buga ƙararrawa. Suna da al'adar da malamai kan shirya darasi tare, ɗayansu ya koyar sauran suna kallo, sannan su zauna su tattauna abin da yara suka fahimta. Ka nemi a bar ka ka halarci wannan zama. Shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, wanda JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ci gaban ƙasashe, ta fara tallafa wa a 2006 a jihohin Kaduna da Neja da Filato, ya horas da malaman firamare kan koyarwar da ke sa yara aiki da hannunsu, saboda haka kafin ka tafi ka nemi ɗaya daga cikinsu a nan Zariya ka ji abin da ya yiwu a ajinsa da abin da ya gagara.