Zaman Natsuwa na Kullum ga Mai Barin Ƙwaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 24 ya daɗe yana shan ƙwayar kaftagon, amma yau wata 5 ke nan da ya daina. Abin da ya dame ni shi ne, kullum bayan sallar asuba sai ya zauna a kan darduma, ya rufe idanu, ya yi shiru har minti 20. Da na tambaye shi, sai ya ce hanya ce ta barin shaye-shaye da ya samo a intanet, wadda aka ciro daga koyarwar Budda. Malam, in hana shi ko in ƙyale shi? Daga wata uwa a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya tabbatar da shi a kan wannan hanya. Shawarata ita ce kada ki yi gaggawar hana shi, domin saurayin da yake tashi da asuba yana kokawa da zuciyarsa ya fi buƙatar a zauna kusa da shi a kan a tsawata masa.

Ƙungiyoyin da suke bin wannan tsari, irin su Refuge Recovery da Recovery Dharma wadda ta fito a 2019, a Amurka suka samo asali, kuma sun ginu ne a kan koyarwar Budda cewa ƙishirwar zuciya ga abin da take so ita ce tushen wahala. Abin da ɗanki yake yi a zaman nan shi ne bin numfashinsa, shiga da fita, kuma duk lokacin da tunanin ƙwaya ya zo masa, sai ya lura da yadda ƙirjinsa ya ɗaure ko bakinsa ya bushe, ba tare da ya bi ta kan abin ba, har ya lafa. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Alan Marlatt na Jami'ar Washington, ya kwatanta wannan sha'awa da igiyar ruwa, wadda takan taso ta yi tsayi sannan ta faɗi da kanta. Dalilin maimaita zaman kullum kuwa shi ne, wanda bai saba da shi cikin kwanciyar hankali ba, ba zai iya shi ranar da tsohon abokinsa ya miƙo masa ƙwaya ba.

Game da addini, a nan ne ya kamata ki buɗe ido. Lura da numfashi dabara ce da likitoci suke koyarwa ba tare da wata aƙida ba, amma akwai lafuzzan neman mafaka ga Budda da ake karantawa a wasu tarukan, waɗanda Musulmi ba zai furta ba. Ki tambaye shi cikin lumana abin da yake karantawa, sannan ku kai wa malamin da kuka amince da iliminsa. Sau da yawa za a tarar azkar ɗin safiya da tafakkuri suna cike wannan gurbi.

Haka kuma zaman bai ɗauke masa buƙatar likita ba, domin kaftagon yakan bar mutum da rashin barci da ƙuncin zuciya na tsawon lokaci. A nan Jidda akwai cibiyar Irada mai kula da masu fama da shaye-shaye, wadda a da ake kira asibitin Amal, kuma yana da kyau ku je tare ya bayyana musu wannan zama da yake yi.