Shago ko makarantar fasaha?

Ka tambaye ni, tunda ka gama aji uku na ƙaramar sakandare, ko ka ajiye boko ka dawo shagon walda gaba ɗaya, ko ka nemi makarantar fasaha. To ɗana, kada ka saki ko ɗaya. Da safe aji, da yamma shago.

Hannu dai a nan ake samunsa. Babu malamin da zai koya maka a jikin allo yadda ake tsayar da hannu kada sandar walda ta manne, ko yadda kunnenka zai gaya maka wuta ta yi yawa tun kafin ta huda ƙarfen. Amma ka lura da abin da ya fi kayar da yaran shago: awo. A kawo aikin ƙofa, a yanka, a ɗana, a yi fenti, sai an kai gidan mai aiki ta ƙi rufuwa. Wanda ya zauna a aji ya san in ya auna santimita 30 ta wannan gefe, 40 ta wancan, tazarar da ke tsakanin ƙarshen awon biyu ta ba da 50, to kusurwa ta daidaita. Haka in injiniya ya miƙo zane, shi zai karanta, kai kana tsaye kana jiran a yi maka bayani.

Sai maganar takarda. Shekara uku ake yi a makarantar fasaha, a ƙare da jarrabawar NABTEB, hukumar shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci da aka kafa a 1992. Da wannan shaidar, in darussanka sun cika kuma ka ci JAMB, za ka iya shiga irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Akwai kuma gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, ana farawa daga mataki na uku, a hau na biyu, a ƙare a na ɗaya. Wannan ko ɗan shago zai iya zama ya yi, kuma kamfanoni suna tambayarsa. SIWES da ka ji ana faɗa, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, na ɗaliban manyan makarantu ne, ba ka kai can ba tukuna.

Je ka Panteka, kasuwar maƙera a Kaduna, ka gani. Akwai mutanen da za su haɗa maka injin niƙa daga tarkacen ƙarfe, amma babbar kwangila sai ta faɗa hannun mai takarda, shi kuma ya dawo ya ba su aikin a kan abin da ya ga dama. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Sai dai fa ka bincika makarantar tukuna. Wata injinan suna nan a lulluɓe da ƙura saboda babu wuta, yaro ya gama bai taɓa kunna ko ɗaya ba. Ka leƙa ɗakin aikinsu, ka tambayi ɗalibai sau nawa suke shiga a mako.

Ka ce wa babanka ya zo mu zauna ranar Juma'a bayan masallaci. Ranakun makaranta ka riƙa zuwa bayan la'asar, Asabar kuma tun safe. Ka nemi gilashin walda naka na kanka, na gaji da ganinka kana runtse ido a kan wuta.