Amsar tambayarka kan wasoshin cikin regileta

Ka aiko kana tambaya wai regiletan iska, abin nan da ke rage matsin iskar kwamfaresa, da ka kwance jiya, da ka mayar da wasoshin nan masu lanƙwasa ka ɗaure sai geji ya ƙi komawa inda yake da, ka ɗan taɓa noti kaɗan allura ta yi tsalle, wai ko ka ƙara wasa ɗaya ne. Kar ka ƙara komai. Ka juya su ne, shi ke nan. Da farko ma ban yi niyyar amsa ka ba don abu ne da ya kamata idonka ya kama tun lokacin da kake zaro su, amma ku yaran yanzu hannu ɗaya sifana hannu ɗaya waya, wayar ma ba za ku ɗauki hoton abin da kuke kwancewa da ita ba sai kallon ƙwallo. Abin da ya sa na zauna nake rubutun nan shi ne tambayarka ta fama min wani tsohon ciwo da har yau in na tuna raina sai ya ɓaci.

Waɗannan ba wasa ba ne irin na ƙarƙashin noti, sifirin ne. Wani Bafaranshe ne mai suna Belleville ya yi rajistarsu tun 1867, shi ya sa za ka ga sunansa a takardun kaya. Su ke danne fistin su bar hanya a buɗe, iskar da ta wuce kuma ta turo fistin ɗin daga ɗaya gefen, in ƙarfinta ya kai na wasoshin hanya ta rufe. Fistin mai faɗin milimita 20, in kana son matsin iska na ba 10 (ba shi ne ma'aunin matsin da geji ke nunawa), wasoshin sai sun tare nauyin da ya kai wajen kilo 32. Kaman kwanonin sha ne, ko ka zuba su wani cikin wani ko ka kifa su baki da baki. In wani cikin wani ne, wanda muke cewa goyo, biyu ƙarfi ya ninka biyu, uku ya ninka uku, amma tafiyar, wato nisan da suke matsuwa, ta guda ɗaya ce ba ta ƙaru ba. In baki da baki ne ƙarfin na guda ɗaya ne sai dai tafiya ta yi tsawo, abin ya yi laushi, kuma laushin nan shi ke ba ka dama ka murɗa noti a hankali allura ta bi ka a hankali, shi ne kuma ke sa in inji ya ja iska da yawa allura ba ta faɗuwa sosai. Kai goyonka ya yi yawa, shi ya sa naka yake tsalle.

Toh bari ka ji abin da ya same ni. Wani Alhaji ne mai gidan ruwan roba a nan bayan gari ta hanyar Bauchi, ba zan kama suna ba don har yanzu muna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure. Injinsa na hura roba, kwamfaresan yana ba da ba 30, sai regileta ya sauke wani sashi zuwa ba 8 don silinda da ƙananan bawul masu aiki da wuta. Lokacin zafin nan ne na Gombe da azumi ya ƙarato, ruwa kaman zinari, motoci sun yi layi a ƙofarsa, inji ya tsaya. Ya zo har shago da kansa, Malam ka taimake ni, Malam ba ni da kowa sai kai. Na je na buɗe, wasoshi takwas, tsatsa ta cinye su don ba wanda ya taɓa buɗe ƙasan tanki ya zubar da ruwa, biyu sun tsage. Na auna da baniya, abin nan na auna kauri, kaurin milimita 1. Na bincika nan babu, na sa aka duba min Kano, wanda aka samu 0.8 ne, mai kayan yana ta ce min ai duk ɗaya ne Oga. Ba ɗaya ba ne. Tsakanin 0.8 da 1 ƙarfin ya kusa ninkawa biyu, kauri a wannan abu ba a masa kusan-kusan. Sai daga Legas aka samo, na ce Alhaji a ba da kuɗin kaya, ya ce Malam ka fitar mana kawai in inji ya tashi mu yi lissafi gaba ɗaya. Da kuɗina na saya, kuɗin da na ajiye na hatsin azumi, har da na mota.

Na jera su yadda kamfani ya yi, biyu biyu a goye, goyo huɗu baki da baki, bakin waje na zaune a kan fistin da kan murfi ta kowane gefe. Na goge sandan tsakiya, na shafa giris ɗan kaɗan, na canza robar hana yoyo da mazaunin bawul ɗin, wato inda yake zama ya rufe hanyar iska. Na sa iska na sauke, na sa na sauke, don sabbin wasoshi sai sun ɗan zauna kafin su faɗi gaskiya, sannan na daidaita. Allura ta tsaya a 8 cak. Na zauna a wajen har aka yi la'asar ina kallonta ba ta motsa ba, robobi na fita sumul, Alhaji har da rungume ni a gaban ma'aikata. Ya ce in zo ranar Juma'a bayan masallaci.

Kafin Juma'ar aka kira ni da dare wai aikina ya fashe. Na je na tarar tiyo sun tsattsage, bawul ɗin nan na wuta da iyakar ƙarfinsu ba 10 ne duk robobinsu sun fita, silinda ɗaya yana huci ta baki, Allah ne ya tsare wani yaro da tiyo ya zabga wa a kafaɗa, da a ido ne da wani zance ake. Alhaji na tsaye yana faɗa, na ce a kawo fitila a buɗe regiletan a gabansa. Ina zaro fistin na ga wasoshi takwas duka a goye wani cikin wani, kuma saboda jerin ya gajarce an cusa wani wasan banza na noton babur an cike gurbin. Ni kuma ina da ɗabi'a, in na gama jeri sai in ja layin jan fenti a gefensu daga sama har ƙasa, ga layin nan a wargaje, ɗigo nan ɗigo can. Ashe ɗan ƙanwarsa ne da ke kula da injin ya ga wai silinda ba ya sauri, ya buɗe, wasoshin suka zube masa a ƙasa, ya tattara ya jera yadda ya ga sun fi shiga juna. Ka lissafa da kanka, ni na sa ƙarfin biyu tafiyar huɗu, shi ya mayar ƙarfin takwas tafiyar ɗaya, taurin ya ninka sau 16. Ya kuma ɗaure noti har ƙarshe. Ina iskar da za ta tura wannan fistin ya rufe? Sai ta wuce kai tsaye ta shiga inda ba a gina don ita ba.

Na nuna masa wasan babur ɗin a tafin hannuna. Yaron na tsaye a bayansa ya sunkuyar da kai, kowa a wajen ya gane. Wallahi mutumin nan ya dube ni ya ce shi bai san wannan ba, shi dai ni ya ba wa aiki. Bai biya ni kuɗin hannu ba, bai biya kuɗin kayan da na saya da gumina ba, ya ce ma in gode bai sa na biya bawul ba. Baniyata da na bari a ofishinsa, ta Jamus wadda maigidana ya ba ni ranar da ya yaye ni, har yau ban sake ganinta ba. Na kai magana wajen manya aka ce a yi haƙuri ana tare, watan azumi ne. Wanda ya fi ci min rai ba kuɗin ba ne, ya zauna a majalisa yana faɗa wa masu gidajen ruwa wai na tsufa idona ba ya gani, mutanen da nake wa aiki shekara da shekaru suka daina kirana, suka koma wajen yaran da ni na koya musu riƙe sifana. Ɗan ƙanwar kuwa yana nan, an ce yanzu shi ne manaja.

Saboda haka kai, zazzage naka a kan farin tsumma ka dube su a rana. Inda biyu suka yi goyo za ka ga fuskar ta goge tana sheƙi, inda suka haɗu baki da baki za ka ga siririn zobe a gefe kawai, su da kansu za su faɗa maka yadda suke zaune da. Wanda ya kwanta ya zama fale-fale ka jefar, kuma in ɗaya ya mutu canza duka, kar ka haɗa tsoho da sabo. Ba a matse su har su miƙe, kashi uku cikin huɗu na lanƙwasar ya isa, ka wuce nan sun fara mutuwa. In ka jera daidai kuma allura ta gaza kaɗan, siririn shim ake sawa, wato ɗan fallen ƙarfe na cike gurbi, shi yana ƙara dannawa ne bai taɓa taurin ba. Goyo kuma kar ya wuce biyu ko uku, don suna gugar juna, sai ka ga geji na faɗin abu ɗaya in iska na hawa, wani abu daban in tana sauka, ka yi ta zagin geji a banza.

In kuma ka ga an rufe komai allura na ta hawa a hankali ita kaɗai, wannan ba wasoshi ba ne, mazauni ne ke yoyo, ƙurar hunturu ko tsatsa ta zauna a kai, kar ka zo min da zancen jeri. Zancen sauke iska kafin a kwance ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba ya koma sayar da rake. Sai dai giris ɗin da na ce, na iska ne kawai, ranar da aka kawo maka na tukunyar oksijin ta masu walda ko ta asibiti ko hannunka mai maiƙo kar ya taɓa shi, wuta yake kamawa, ka ce su kawo min.

Gobe ka zo da regiletan shago da safe kafin rana ta yi, ka taho da gwangwanin jan fenti, kuma mai shi ya ba ka kuɗin kaya a hannu kafin ka sayi ko roba ɗaya.