Kafin alƙalami tukuna, sannan ka taɓa zare

Ka ce wani mai makarantar kuɗi ya ga hulunan sanyi da safar da kake saƙa wa ƙannenka don sha'awa in mun tashi daga shago, yana son ka yi wa ɗalibansa suwaita talatin, zai biya in ka kai. Kana tambayata ko ka karɓa, kuma nawa za ka yanke masa.

Yaro, zauna tukuna. "Zan biya in ka kawo" ɗin nan na san ta.

A 2019, shekarar da aka rufe boda a watan Agusta, wani mai makaranta a nan cikin Katsina ya zo shagon nan da babbar riga, yana ta Malam kaza Malam kaza. Suwaita ɗari da ashirin yake so, ruwan toka, da layi biyu ja a wuya da bakin hannu, da bajon makarantarsa a ƙirji. Sahu ɗaya muke sallah da yayansa, shi ya sa da ya ce kuɗin makaranta ba su gama shigowa ba na ɗaga masa ƙafa. Na kwashi jarina na tafi Kano na sari zare, alhali komai ya yi tsada a lokacin. Injina biyu suka yi ta aiki har bayan isha'i, yarana na ɗinke hannu da wuya, ni da kaina nake duba kowace riga. Kafin ƙarshen Nuwamba kaya sun haɗu a buhu.

Sai aka shiga gobe, jibi. Ya yi tafiya. Iyayen yara ba su biya ba. An yi hutu. Ana shiga Fabrairu sanyi ya fara janyewa, mutumin nan ya aiko direbansa wai jan bai yi kalar da ya nuna mini ba, in na yarda zai ɗauki arba'in a rabin kuɗi. Kalar da ya zaɓa da hannunsa! Sauran fa? Wa zai saya wa ɗansa riga mai bajon makarantar da ba tasa ba? Muka zauna da reza muna farke bajo ɗaya bayan ɗaya, shatin ɗinkin kuma ya ƙi ɓacewa. Dillalai suka kwashe su a wulaƙance a hunturun da ya biyo baya, wasu ma ɓera ya riga su. Har yau in muka haɗu a ɗaurin aure shi ke fara miƙo mini hannu, ko kunya babu.

Saboda haka ka koma ka ce masa ya ba da kuɗin zare gaba ɗaya da rabin ladan hannu, a rubuta a takarda, ya sa hannu a kan ɗan ƙyallen da ka saƙa masa na gwaji. Bajo kuwa kada ka ɗinka sai ranar da ya cika maka. In ya ɓata rai, ka bar shi ya tafi.

Farashi ba sai na koya maka ba. Ɗora riga ɗaya a sikeli ka san zaren da ta ci, sauran lissafin ko ɗan firamare zai yi. Abin da ku yaran yanzu kuke mantawa shi ne wahalar hannunku. Ku ɗauki hoto ku sa a WhatsApp, abokai su ce masha Allah, ku sayar a kuɗin zare kuna murna wai kun samu kwastoma. Kuma ka sayi zaren aikin duka a lokaci ɗaya, a wuri ɗaya, don in ka koma ciko sau da yawa za ka tarar kalar ta ɗan sha bamban, da rana kowa zai gani.

Ni da zan zaɓa maka, da kayan jarirai ka fara: riga, hula, safa da shawul. Haihuwa ba ta jiran hunturu, mata na sayen su don barka da suna, in wata ta fasa wata za ta ɗauka. Suwaita kuwa tun damina ake saƙa ta, ba sai hazo ya sauko ba.

Injin da ke kusa da ƙofa zan ara maka bayan la'asar. Allura in ta karye kai za ka saya.